Abincin Wani Gubar Wani: Tarihin Yadda Aka Gano Cutar Alkama

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ba wuya ka ji wani ɗalibi ko malami yana cewa ya rabu da burodi da taliya, wai don duk sa'ad da ya ci su sai cikinsa ya kumbura, ko ya yi ta murɗa, ko kuma kasala ta rufe shi. In ka tambaye shi dalili sai ya ce maka ai akwai wani abu a cikin alkama da ake kira gulutin, shi ne jikinsa ba ya so, kuma tun da ya bari ya ji sauƙi. Wannan magana tana da tushe, domin kuwa lalle akwai mutanen da alkama ke yi wa mummunan lahani. Amma kafin likitoci su tabbatar da haka sai da aka yi wajen shekara 1,800 ana lalube cikin duhu, kuma sau da yawa abin da ya ɓatar da su shi ne wannan jin sauƙin da majiyyaci kan yi in ya sake abinci. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi sawun wannan lalube, don mai karatu ya ga inda aka yi tuntuɓe da inda aka dace, sa'an nan ya san abin da ya kamace shi in zargin alkama ya shiga ransa.

Mene ne gulutin?

In aka kwaɓa garin alkama aka murza shi sosai, sa'an nan aka yi ta wanke ƙullun cikin ruwa, sitacin zai fita ya bi ruwan, a bar wani abu mai danƙo a hannu, wanda in ka ja shi ya miƙe, in ka sake shi ya koma. Wannan danƙon shi ne gulutin, watau furotin ɗin alkama. Wani malamin jami'ar Bolona a Italiya, mai suna Beccari, shi ya fara bayyana shi ga masanan Turai a 1728, ko da yake mutanen Sin sun daɗe da saninsa, har suna dafa shi a madadin nama. Shi ne ke riƙe iska a cikin ƙullu har burodi ya tashi, shi ne kuma ke sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Akwai danginsa a cikin sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca ba su da shi, shi ya sa ba a iya yin burodi mai laushi da garinsu tsantsa.

Daga Aretaeus zuwa Gee

An fara noman alkama a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, amma bayanin farko da ya iso gare mu na cutar da take jawowa ya fito ne daga wani likita Bayunane mai suna Aretaeus, mutumin Kafadokiya a cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a wajen ƙarni na farko ko na biyu na Miladiyya. Ya siffanta mutanen da abinci ke wucewa ta cikinsu ba tare da ya amfane su ba, suna fama da zawo fari-fari mai wari, suna ta ramewa. Ya kira su da wata kalmar Yunananci mai nufin masu ciwon ciki, daga nan ne aka samo sunan da cutar ke amsawa har yau, watau siliyak. Shi dai a ganinsa zafin da ke dafa abinci a tumbi ne ya yi ƙaranci. Burodi bai faɗo masa a rai ba, kuma ba abin mamaki ba ne, don abincin kowa da kowa ne. Wa zai zargi abin da lafiyayyu dubu ke ci suna ƙiba?

Haka magana ta kwanta har 1887, lokacin da Dokta Samuel Gee ya yi wata lacca a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, aka buga ta a 1888. Gee ya siffanta cutar a jikin yara, musamman 'yan shekara 1 zuwa 5, siffantawar da har yau likitoci ke yabawa: ƙaton ciki, siraran ƙafafu, bayan gida mai yawa mai maiƙo, da tsumburewa. Ya kuma yanke cewa in har akwai magani, to, a cikin abinci yake. Har ya ba da labarin wani yaro da ake ba shi kusan lita guda kullum ta wani naman teku mai ɓawo biyu, ɗan'uwan ƙumbar kogunanmu. Yaron ya murmure ƙwarai, amma da kakar naman ta wuce sai ciwo ya dawo, da shekara ta zagayo kuma aka yi juyin duniya ya ƙi ci.

A nan ne Gee ya zo dab da gaskiya ya wuce ta. Ya hana majiyyatansa shinkafa da garin masara, waɗanda ba su da laifin komai, sa'an nan ya yarda su ci burodi in an yanka shi siriri an gasa shi ciki da baya. Watau ya kori baƙi ya bar ɓarawo a ɗaka. Yaron nan kuwa ba naman teku ne ya warkar da shi ba, cikinsa ne naman ya cika har bai sami wurin burodi ba.

Zamanin ayaba

A 1924 wani likitan yara a birnin Niyok na Amurka, Dokta Sidney Haas, ya ba da rahoton yara 10 masu wannan cuta. Ya ɗora 8 daga cikinsu a kan wani tsarin abinci wanda ayaba ce ginshiƙinsa, suka warware, sauran 2 da ba su bi tsarin ba suka mutu. Ya ƙarfafa hujjarsa da abin da aka lura da shi a tsibirin Fotoriko, inda mutanen birni masu cin burodi ke fama da zawo irin wannan, manoman ƙauye masu cin ayaba kuwa ba ruwansu. Haas ya gaskata cewa akwai wani sinadari a cikin ayaba da ke gyara narkewar abinci.

Nan da nan labari ya bazu, asibitoci suka kama, aka yi ta ɗura wa yara ayaba har aka riƙa kiransu 'ya'yan ayaba. Kuma gaskiya ne tsarin ya ceci rayuka da yawa a lokacin da cutar ke kashe yara. Abin da ba a kula da shi ba shi ne, a cikin tsarin nan Haas ya hana burodi da biskit da duk wani hatsi. Wannan hanin shi ne maganin, ayaba ta ɗauki yabon a banza.

Kuskuren bai tafi haka nan ba. Tun da an ɗauka ayaba warkarwa take yi, in yaro ya yi 'yan watanni ko 'yan shekaru a kan tsarin sai a ce ya warke, a mayar da shi kan burodi. Da yawa daga cikinsu sun girma alkama tana cin hanjinsu a ɓoye, ba su san abin da ke damunsu ba sai da girma ya kama su. Shi kansa Haas, har ya rasu a 1964 bai sauka daga ra'ayinsa ba na cewa laifin na sitaci ne da wasu nau'o'in sukari. Darasin wannan zamani shi ne, mutum yana iya sake abinci ya ji sauƙi na gaske, amma ya yi kuskure wajen faɗin abin da ya kawo sauƙin.

Dicke da yunwar Holan

Wanda ya warware ƙullin shi ne Willem Karel Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, wanda aka haifa a 1905. A 1936 aka naɗa shi shugaban asibitin yara na Juliana a birnin Heg yana ɗan shekara 31. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai a lokacin yunwar yaƙi ya gano laifin alkama, amma masu bin diddigin tarihinsa sun nuna cewa tun cikin shekarun 1930 ya fara zarginta, saboda abin da yake ji daga bakin iyaye mata da abin da yake gani a jikin yaran, har ya rubuta wani ɗan bayani a kan abinci marar alkama a 1941. Abin da yunwar ta yi shi ne ta gwada masa zarginsa a kan jama'a da yawa a lokaci guda.

Ga yadda abin ya faru. A watan Satumba na 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan suka yi yajin aiki don su taimaki sojojin ƙawance. Jamusawa da ke mamaye da ƙasar suka rama ta hanyar hana kai abinci yammacin ƙasar, inda manyan birane suke. Ga hunturu ya zo da tsanani, hanyoyin ruwa suka daskare. Burodi ya yi ƙaranci ƙwarai, mutane suka koma cin albasar furen tulif da wata saiwa da ake yin sukari da ita. Kimanin mutum 20,000 suka mutu. Ana cikin wannan masifa sai ga abin al'ajabi a asibitin Dicke: yayin da sauran jama'a ke ramewa, yara masu siliyak sai samun sauƙi suke yi. Da agajin garin alkama ya iso daga Suwidin a farkon 1945, jiragen saman ƙawance kuma suka jefo abinci a ƙarshen Afrilu, burodi ya dawo, sai ciwon yaran ya tashi.

To, da Dicke ya tsaya nan, da bai fi Haas da komai ba, don shi ma abin da ido ya gani kawai zai faɗa. Abin da ya bambanta shi shi ne awo. Bayan yaƙi ya haɗa kai da wani masanin sinadarai mai suna van de Kamer da wani likita mai suna Weijers. Suka riƙa auna maiƙon da yaro ya ci da maiƙon da ya fita a bayan gidansa, domin hanjin da ya lalace ba ya iya tsotse maiƙo. Sai a ajiye yaro a kan abinci tsayayye, a ƙara masa abu guda tak, a auna, a janye abin, a sāke aunawa. In aka ba shi garin alkama ko na rayi, maiƙon bayan gida ya hau, in aka janye ya sauka. Shinkafa da masara da dankali ba su motsa awon ba. Har sitacin alkama ma, in an raba shi da danƙon, bai yi lahani ba. Dicke ya gabatar da wannan a kundin digirinsa a 1950. A 1952 wata likita 'yar Ostareliya, Charlotte Anderson, da abokan aikinta a Barmingham ta Ingila suka tabbatar da cewa gulutin ne mai laifin. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Abin da aka gani a cikin hanji

Saura a san irin ɓarnar da gulutin ke yi. Cikin ƙaramin hanjin mutum shimfiɗe yake da wasu 'yan tsirrai ƙanana kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. A 1954 Dokta Paulley na garin Ipswich a Ingila ya duba naman hanjin da aka yanko lokacin fiɗa, ya ga cewa a jikin masu wannan cuta tsirran nan sun lalace. A 1956 Margot Shiner a Landan, da kuma Crosby a Amurka a 1957, suka ƙago na'urorin da ake zurawa ta baki a tsinko ɗan naman hanji ba tare da an tsaga ciki ba. Da haka aka ga cewa in majiyyaci ya bar alkama tsirran kan sāke tsirowa, in ya koma mata su sāke kwantawa.

Daga baya aka gane cewa garkuwar jikin mutum ce da kanta ke yin ɓarnar: in gulutin ya iso hanji sai ta ɗauke shi abokin gaba, garin yaƙarsa ta ragargaza hanjin. Abin yana bin jini, domin kusan duk masu cutar suna ɗauke da ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu da ake kira DQ2 da DQ8, ko da yake mafi yawan masu ɗauke da su ba sa kamuwa. A 1997 wasu masana a Balin ta Jamus suka gano ainihin sinadarin jiki da garkuwar ke kai wa hari, wannan ya sa aka sami gwajin jini mai sauƙi. Da aka shiga gwada jama'a sai aka tarar cutar da ake zaton ta 'yan tsirarun yaran Turawa ce ashe tana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a sassa da yawa na duniya, manya da yara, kuma da yawansu ba sa ko zawo. Wani ƙarancin jini ne ke damunsa, wani raunin ƙashi, wani ƙaiƙayin fata, wata kuma yawan ɓari. Har yau maganinta guda ne, barin gulutin muddin rai. Ƙa'idar da hukumomin abinci na duniya suka tsayar ita ce, kada a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba.

Masu kuka da alkama ba su da siliyak

Akwai kuma wani rukuni na mutane da aka gwada jininsu da hanjinsu ba a ga siliyak ba, ba su kuma da borin jinin da alkama kan tayar wa wasu nan take, amma sun dage cewa in sun ci alkama ba sa jin daɗi. Likitocin Ingila sun ba da rahoton irinsu tun 1978 da 1980, amma sai bayan shekarar 2000 maganar ta yi ƙarfi, har barin gulutin ya zama yayi a Amurka da Turai, kamfanoni suka sami kasuwa.

A 2011 masu bincike a jami'ar Monash ta Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Gibson, suka gwada mutum 34, suka ga kamar lalle gulutin ne ke damunsu. Maimakon su tsaya nan, sai suka sāke gwajin a 2013 da mutum 37, suka ƙara tsanantawa. Da farko suka rage musu wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya tsotsewa sosai, waɗanda kan tsima a ciki su ba da iska, sai kusan dukansu suka ji sauƙi. Sa'an nan aka riƙa ba su abinci ba tare da sun san wanne ke da gulutin wanne babu ba. Sai ga shi suna kukan ciwo ko an sa gulutin ko ba a sa ba. A 2018 aka yi wani gwajin a Oslo ta ƙasar Norwe da mutum 59, aka ga cewa wani sukari da ake kira furuktan ya fi gulutin tayar musu da ciki. Shi furuktan ɗin yana cikin alkama, yana kuma cikin albasa da tafarnuwa.

Wannan ba ya nufin ciwon mutanen nan ƙarya ne. Ciwon gaskiya ne, kuma akwai kaɗan daga cikinsu da gwaji kan nuna gulutin ɗin ne. Sai dai labarin ayaba ne ya sāke dawowa: wanda ya bar burodi ya bar abubuwa da yawa a lokaci guda, jin sauƙinsa bai isa ya nuna wanne ne mai laifi ba.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne. To, wuri guda da aka sami cutar da yawan da ya ba masana mamaki yana nan cikin Afirka. A 1999 wani likita ɗan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka gwada yara 989 na mutanen Yammacin Sahara, waɗanda yaƙi ya kora zuwa sansanonin da ke kusa da Tinduf a Aljeriya, suka sami alamar cutar a jinin kashi 5.6 cikin 100. Kakannin yaran nan makiyaya ne masu rayuwa galibi a kan nonon raƙumi da nama, amma a sansani garin alkama na agaji ya zama abincin yau da kullum. A Sudan ma an ba da rahoton cutar a jikin yara tun 1978.

A ƙasar Hausa alkama ba baƙuwa ba ce. Sunanta daga Larabci ya zo, kuma an daɗe ana noma ta da rani a fadamu. Amma abincin marmari ce, ta alkaki da finkaso da gurasa da taliyar hannu, ta ranar salla da biki da gidajen masu hali. Tuwo da fura da koko da kunu, waɗanda su ne abincin kullum, duk na gero ne da dawa. Al'amarin ya sāke ne da zuwan burodi. A 1962 babban injin niƙa alkama ya fara aiki a Apapa ta Ikko, da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 kuma burodi da shayi suka zama karin kumallon ma'aikaci da ɗalibi. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma noman gida bai iya cike gurbin ba, aka ɗage hanin a 1992. Yau ga taliyar leda, ga Indomie, ga Semovita, ga fanke da cincin, kusan duk da alkamar da ake sayowa daga waje. Watau cikin shekara 60 alkama ta tashi daga abincin salla ta zama abincin da wasunmu ke ci sau uku a yini. Alamun siliyak kuwa, zawo da ƙaton ciki da ramewa da ƙarancin jini, sun yi kama da na tsutsar ciki da atini da tamowa, saboda haka yana da sauƙi a yi ta maganin wani abu dabam.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ke koya wa mai zargin alkama a fili yake. Kada ya yi gaggawar barinta kafin ya ga likita, domin gwajin jini da na hanji ba sa nuna siliyak sai mutum yana kan cin alkama. Wanda ya riga ya bari, tilas ya koma mata na wasu makonni kafin a gwada shi. In an tabbatar da siliyak, to, barin na har abada ne, ba irin na 'ya'yan ayaba ba, kuma ya kamata a gwada iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya. In ba a same ta ba, sai ya bi hanyar Dicke: ya janye abu guda, ya rubuta abin da ya ji, ya mayar da shi, ya sāke rubutawa.

Wanda ya zama dole ya bar alkama a ƙasarmu ya fi Bature sa'a, don tuwon dawa da na shinkafa, da fura, da dambun masara, da faten acca, da ƙosai da alale duk nasa ne. Sai dai ya yi hattara da inda fulawa ke ɓuya: masu ɗanwake da masu waina da yawa kan haɗa da ita, injin niƙan unguwa kuma kan niƙa alkama ya niƙa gero ba a share ba. Ya tambayi mai abinci abin da ta zuba, ya kuma karanta abin da aka rubuta a jikin leda kafin ya saya.